RIJIYA TAKA CE, AMMA RUWAN ƘASA NA JAMA'A NE: DARASI DAGA TARIHIN BIRNIN SANTAMBUL



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya azurta mu da ruwa ba da ƙarfinmu ko dabararmu ba. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, abubuwa biyu ne suka sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu. Na farko ya faru ne a gidanmu. Muna da rijiya wadda kakanmu ya haƙa tun kafin a haifi mahaifina, ba mu taɓa ganin ƙasanta ba sai a bazarar da ta wuce, watanni kaɗan bayan gidaje uku a layinmu sun haƙa rijiyar burtsatse. Mahaifiyata ta ce in je in yi wa maƙwabta magana, sai na tsaya ina tunanin hujjar da zan tafi da ita, tunda kowannensu a cikin gidansa ya yi haƙarsa, kuma da kuɗinsa.

Na biyu tambaya ce da wani ɗalibina ya yi mini bayan mun tashi daga darasin fiƙihu. Ya ce: "Malam, idan mutum ya kira mai gyaran famfo da daddare, ya huda babban bututu ya ja ruwa zuwa gidansa ba da sanin hukuma ba, shin ya yi sata? Ai ruwa na Allah ne."

Waɗannan tambayoyi biyu ba sababbi ba ne. Wani babban birni na Musulmi ya shafe sama da shekara 400 yana fama da su, wato Istanbul, fadar Daular Usmaniyya, wanda kakanninmu suke kira Santambul. Tarihinsa nake so mu duba tare.

TUSHEN AL'AMARIN A MADINA

Kafin mu isa can, wajibi ne mu san harsashin da malaman wancan birni suka yi gini a kansa. Lokacin da Muhajirai suka sauka a Madina, ruwa mai daɗin sha ya yi ƙaranci, kuma rijiyar Ruma tana hannun mutum guda yana sayar da ruwanta. Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, ya kwaɗaitar da a saye ta, Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, ya saya ya mayar da ita waƙafi, gugansa daidai da gugan kowane Musulmi. Mu lura cewa ba ƙwace rijiyar aka yi ba, saye aka yi. Wannan ya nuna Shari'a ta yarda mutum ya mallaki rijiya.

A ɗaya ɓangaren kuma, hadisin da Abu Dawuda da Ibn Majah suka ruwaito ya sanya ruwa cikin abubuwa uku da jama'a suka yi tarayya a kansu, tare da ciyawa da wuta, sannan Bukhari da Muslim sun ruwaito hani a kan hana rarar ruwa. Haka nan da saɓani ya shiga tsakanin Zubairu ɗan Awwam da wani Ba'ansare a kan ruwan ban-ruwa, hukuncin da aka yanke shi ne na sama ya shayar da gonarsa gwargwado, sannan ya saki ruwan ya gangara wa na ƙasa. Ke nan tun daga Madina akwai haƙƙi biyu da suke tafiya tare: haƙƙin wanda ya yi wahala ya haƙa, da haƙƙin jama'a a kan asalin ruwan.

BIRNIN DA TEKU YA KEWAYE AMMA YANA JIN ƘISHIRWA

Istanbul birni ne da ruwan gishiri ya kewaye ta ɓangarori uku, amma babu wani babban kogi da ya ratsa shi. Rumawa da suka riƙe shi kafin Musulmi sun janyo ruwa daga nesa ta kan dogayen gadoji na dutse, kamar wadda aka kammala a ƙarni na 4 zamanin Sarki Balans, wadda take tsaye har yau. Sun kuma gina manyan rumbunan ruwa a ƙarƙashin ƙasa, mafi shahara shi ne wanda aka gina a ƙarni na 6 zamanin Sarki Jastiniyan, mai ginshiƙai 336.

Da ƙarfin Rumawa ya ja baya, hanyoyin ruwan suka lalace, har aka manta da wasu rumbunan. Wajen shekarar 1545 wani Bafaranshe mai binciken kayan tarihi, Petrus Gyllius, ya tarar da mutanen wata unguwa suna zura guga ta ramukan da ke cikin gidajensu suna ɗebo ruwa, wani lokaci har da kifi. Da ya bi diddigi sai ya gano ashe gidajen a kan wancan rumbu mai ginshiƙai 336 suke zaune. Kowane mai gida yana ganin ramin gidansa nasa ne shi kaɗai, alhali duk tafki ɗaya suke sha. Ban san wani misali da ya fi wannan bayyana halin da masu rijiyoyi suke ciki a kowane gari ba.

Sarki Muhammadu al-Fatih ya buɗe birnin a 1453, ya gyara tsofaffin hanyoyin ruwa. Amma jama'a suka yi ta ƙaruwa, ga shi ruwan yawancin rijiyoyin cikin gari yana da zartsi, ya fi dacewa da wanki da wanke-wanke. Saboda haka mutanen birnin suka riƙa bambanta ruwan rijiya da abin da suke kira ruwa mai daɗi, wato wanda ake janyowa daga idanun ruwa na bayan gari.

AIKIN SULAIMANU DA SINAN

Sarki Sulaimanu al-Ƙanuni, wanda ya yi mulki daga 1520 zuwa 1566, shi ne ya ɗora wa sarkin maginansa, Mi'imar Sinan, aikin magance wannan ƙishirwa. Tsakanin 1554 da 1563 Sinan ya gina hanyar ruwa da ake kira Kirkceshme, ma'ana Famfo Arba'in, wadda ta tattaro ruwan ƙoramu daga dajin Belgrad da ke arewacin birnin. Tsawon hanyoyinta ya kai kimanin kilomita 55. A cikin gadojinta akwai Uzun Kemer mai tsawon mita 711, da Maglova mai tsawon mita 257 da tsayin mita 36. A watan Satumba na 1563 ambaliya ta rushe wasu daga cikin gadojin, aka sake gina su a shekarar da ta biyo baya.

Abin lura shi ne inda ruwan yake zuwa. Ba gidajen mutane aka fara kai shi ba. Famfunan unguwanni aka fara bai wa, da masallatai, da gidajen wanka, da makarantu, da wuraren ciyar da mabuƙata. Talaka yana ɗiba kyauta a famfon unguwarsu. Wanda ba zai iya zuwa da kansa ba ya sayi aikin 'yan garuwa, waɗanda ake kira saka, daga kalmar Larabci saƙƙa'u. Su ma ba sakaka aka bar su ba, suna da ƙungiya, kuma an ƙayyade musu famfunan da za su ɗiba.

A wancan zamani ne kuma aka sanya wa famfunan kan titi makunni, domin a da ruwa kwarara yake yi dare da rana. Wasu mutane sun ƙi wannan sauyi, saboda da ruwan da ke malala suke shayar da lambunansu, amma hukuma ta tsaya a kan bakanta, ruwan da aka tsimi aka buɗe sababbin famfuna da shi a wasu unguwanni.

YADDA AKE JAN RUWA ZUWA GIDA

To, wanda yake son ruwa har cikin gidansa fa? A nan ne tsarin ya fi ba ni sha'awa. Ba a ba mutum ruwa da ka, sai da awo. Babban ma'auni shi ne lule: ɗan gajeren bututu mai faɗin milimita 26, wanda ake dasawa milimita 96 ƙasa da saman ruwa a cikin kwatarnin awo. Ruwan da ke fita ta cikinsa ya kai kimanin lita 36 a minti ɗaya, wato kusan lita 52,000 a yini da kwana. Lule ɗaya ana raba shi gida 8, kowane kashi sunansa masura, kalmar da Larabawa suke kiran bututu da ita har yau. Masura ɗaya kuma ana raba ta gida 4, kowane kashi sunansa cuwaldiz, ma'anarsa basilla, saboda siririn ruwan da ke fita bai wuce kaurinta ba.

Idan muka juya lissafin zuwa abin da muka sani, masura ɗaya lita 6,480 ce a rana, kusan jarka 260 mai cin lita 25. Basilla ɗaya kuwa kusan jarka 65. Ana yin wannan rabo ne a wasu ɗakuna na musamman da ake kira maksam. Shahararren dandalin nan na Taksim ya samo sunansa ne daga irin wannan ɗaki da aka gina zamanin Sarki Mahmud na Ɗaya a farkon shekarun 1730, kuma duk ɗalibin Larabci ya san taƙsimi shi ne rabo.

Hanyoyin samun ruwa a gida sanannu ne. Ko dai sarki ya ba mutum wani kaso a rubuce, ko ya saya daga wanda ya mallaka, ko ya gada, ko kuma ya bi hanyar da ake kira katma, ma'ana ƙari. Yadda katma take shi ne: mai hali ya nemo idon ruwa a bayan gari, ya haƙa da kuɗinsa, ya janyo ruwan ya zuba a cikin babbar hanyar ruwa ta jama'a. Ma'aikata su auna abin da ya ƙara, a cire wani kaso a bar wa jama'a a matsayin haƙƙin bi ta hanyarsu, sauran kuma a ba shi a cikin gari, a gidansa ko a famfon da ya gina sadaka. Wato kafin ka ɗiba, sai ka zuba.

Akwai babban jami'i mai kula da ruwan birni, a ƙarƙashinsa akwai ma'aikata masu bin hanyoyin ruwa suna gyara, suna kuma neman inda aka huda. An hana gini da dasa itatuwa a jikin hanyar ruwa, an hana haƙa rijiya kusa da idanun da ke ciyar da ita, domin kada ta janye ruwan. Shari'o'in ruwa kuma an keɓe su ga alƙalin unguwar Ayyub, unguwar da kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake. A kotunsa ake rubuta cinikin ruwa da gadonsa da waƙafinsa, masura bayan masura, kuma littattafan suna nan a adane.

Turkawa suna da wata hikaya da suke bayarwa a kan Sinan kansa, wanda ya rasu a 1588. Suna cewa Sarki Sulaimanu ya ba shi izinin jan ruwa zuwa gidansa da baki, bayan rasuwar sarkin aka tuhume shi, aka nemi takarda bai da ita, aka yanke ruwan. Hikaya ce ta baka, amma ta nuna yadda mutanen birnin suka ɗauki lamarin: ko wanda ya gina hanyar ruwan da hannunsa ba ya huda ta sai da shaida a rubuce.

HUKUNCIN RIJIYAR CIKIN GIDA

Game da rijiyoyi kuwa, hukunce-hukuncen da alƙalai suka daɗe suna aiki da su an tattara su a cikin Majallatul Ahkamil Adliyya, kundin dokoki mai sashe 1,851 da kwamitin malamai ƙarƙashin Ahmad Jaudat Basha ya tsara bisa mazhabar Hanafiyya tsakanin 1869 da 1876. Ga taƙaitaccen abin da ya ƙunsa a kan batunmu.

Na ɗaya, ruwan da ke gudana a ƙarƙashin ƙasa ba mallakar kowa ba ne. Abin da mutum ya ɗebo ya zuba a tulunsa ko tankinsa, shi ne ya zama nasa.

Na biyu, wanda ya haƙa rijiya da izinin hukuma a ƙasar da ba ta da mai ita, yana da hurumi na zira'i 40 ta kowane ɓangare, ba mai haƙa wata a ciki. Hurumin idon ruwa kuwa zira'i 500 ne.

Na uku, mai rijiya a cikin gidansa yana iya hana mutane shiga, amma idan babu wani ruwa a kusa, dole ne ko ya fito wa mai ƙishirwa da ruwa, ko ya bar shi ya shiga ya ɗiba.

Na huɗu, wanda ya gina masai ko kwata kusa da rijiyar maƙwabcinsa har ruwan ya ɓaci, za a tilasta masa ya kawar da cutarwar, idan kuma ba ta kawuwa sai da cike ramin, a cike shi.

Na biyar, kuma shi ne ya shafi gidanmu: rijiyar da mutum ya haƙa a cikin mallakarsa ba ta da hurumi a kan maƙwabci. Idan maƙwabcin ya haƙa tasa a cikin gidansa, ruwan ta farko ya janye, ba a hana shi. Da a gaban alƙalin Ayyub na kai ƙara, da na dawo hannu rabbana.

Amma mazhabar Malikiyya da muke bi a wannan yanki ta ɗauki wata hanya. Imamu Malik bai ƙayyade hurumin rijiya da adadin zira'i ba, ma'auninsa shi ne cutarwa, domin ƙasa mai tauri da ƙasa mai laushi ba ɗaya ba ne wajen janye ruwa. Fitaccen ra'ayi a mazhabar shi ne a hana sabuwar rijiyar da za ta ƙafar da tsohuwa, ko da yake wasu manyan malamai sun sassauta idan mai haƙar ba shi da wata mafita. Dukkan ɓangarorin biyu kuwa sun yi maganarsu ne a zamanin guga da igiya, kafin zuwan injin da ke zuƙo dubban litoci cikin sa'a guda.

ZUWAN KAMFANI DA MITA

A ƙarni na 19 tsohon tsarin ya gaza. Jama'a sun yi yawa, masu huda hanya sun ƙaru, dukiyar waƙafi ta yi rauni, kuma annobar kwalara ta 1865 ta kashe dubban mutane a birnin. A wancan zamani ne likitoci suka fara gane alaƙar wannan cuta da ruwan sha, bayan da likita John Snow ya danganta ɓarkewarta a wata unguwa ta Landan a 1854 da rijiya guda, wadda daga baya aka gano akwai ramin bahaya dab da ita. Abin da fuƙaha'u suka hana saboda ɓata ruwa, sai ga shi ashe har rai yake ɗauka.

A 1882 aka kafa wani kamfani mai jarin Faransawa, ya fara turo ruwan tafkin Terkos da inji a 1885. Daga nan jan ruwa zuwa gida ya tashi daga mallakar masura ya koma yarjejeniya tsakanin mai gida da kamfani, ana biyan kuɗi. Gwamnatin Turkiyya ta saye kamfanin a 1932, hukumar ruwa ta birni ta karɓi aiki a 1933, sannan a 1981 aka kafa hukumar ISKI mai kula da ruwan sha da magudanai. A 1960 kuma aka yi doka mai lamba 167, wadda ta sanya ruwan ƙarƙashin ƙasa a hannun hukuma, ta wajabta neman izini kafin haƙa rijiya mai zurfi. Daula ta shuɗe, dokoki sun sauya, amma ƙa'idar cewa ruwan ƙasa ba na mutum ɗaya ba ne ta tsaya daram.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Ga ɗalibina na ce: gaskiya ne ruwa na Allah ne, amma bututun da ya ɗauko shi, da injin da ya turo shi, da maganin da aka tace shi da shi, dukiyar jama'a ce. Mai huda bututu a ɓoye yana rage wa na ƙarshen layi rabonsa, kuma hudar da ya bari ita ce ƙofar da ruwan kwata ke shiga idan famfo ya ɗauke. Mutanen Santambul sai sun zuba suke ɗiba, shi kuwa ya ɗiba ya kuma ɓata. Hanyar da ta dace ita ce ya je ofis ya nema, a rubuta sunansa, ya biya abin da aka yanka.

Ga hukumomi kuma akwai nasu rabon. Sulaimanu sai da ya kawo ruwa sannan ya kafa doka. Hukumar da ta bar famfo a bushe shekara da shekaru, ita ce ta tura mutane haƙar burtsatse, kuma zai yi mata wuya ta sami mai saurarenta ranar da ta zo da maganar lasisi. A Nijeriya dokar albarkatun ruwa mai lamba 101 ta 1993 ta bar wa mai fili damar ɗibar ruwan ƙasa kyauta domin amfanin gida, amma dama ba ta zama lasisin cutar da maƙwabci.

Ga masu rijiya kuwa, ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suka saba bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. Fulotin da yake ƙafa 50 faɗinsa kimanin mita 15 ne kawai. Ke nan babu wanda zai iya kare rijiyarsa shi kaɗai, dole sai ya san inda maƙwabcinsa ya haƙa nasa ramin, shi ma maƙwabcin ya san nasa. Wannan aiki ne na zama tare da mai unguwa da limami kafin a kira mahaƙa, ba bayan yaro ya kwanta ba.

Ni dai daga ƙarshe na je wurin maƙwabtanmu, ba da ƙara ba, da sallama. Na ba su labarin gidajen nan da suke zaune a kan tafki ɗaya ba su sani ba. Ɗaya daga cikinsu, Allah Ya saka masa da alheri, ya fito da kan famfo ta jikin katangarsa, yana buɗewa safe da yamma ga duk mai buƙata. Rijiyar kakanmu ta dawo da damina, muna jiran mu ga abin da bazara za ta zo da shi.

Allah Ya ba mu ikon kiyaye haƙƙin maƙwabtaka, Ya shayar da mu daga tafkin ManzonSa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.